Kujerar da Ka Zaɓar Mini

Daga gida,
ranar Lahadi da hantsi.

Injiniyana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da na ji a muryarka ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida tana yi wa kaji faɗa. Autarmu tana gaishe ka.

Ɗazu ina sharar falo na tsaya a daidai wurin da nake kwance ranar da komai ya sauya mini. Ka tuna? Ina kan doguwar kujera da littafi a hannu, tukunya tana kamawa a kicin, ni ko ƙauri ban ji ba. Ka shigo da takalmi har kan kafet, abin da ba ka taɓa yi ba, ka ce, "An tura ni aikin dam, can kudu." Na ce kwana nawa? Ka ce, "Shekaru." Sai ka wuce ka sauke tukunyar. A littattafan da nake karantawa, namiji ba ya faɗar irin wannan magana sai idonsa ya kawo ruwa. Kai kuwa murfin tukunya ka tsaya nema. Har yau ban ƙarasa littafin nan ba.

Direban kamfaninku ya kawo tikitin jirgi da saƙonka. Na fahimta: an ƙara maka wa'adi, an ware maka gida a rukunin masu iyali, kuma in ba ka kawo iyali ba za a ba wani. Ban ce a'a ba, ban kuma ce to ba. Ka san abin da falon nan ya zama bayan tafiyarka. Matan layinmu suna zuwa aron littafi, mu zauna muna gardamar wanda ya kamata jaruma ta aura, har matar mai kemis ta manta ta bar shago a buɗe. Ga Mama kusa, ga Auta. A can wa na sani? Wurin da sai ka hau tudu kafin waya ta samu sabis? Zan zo in yi mako guda in gani da idona. Iyakar alkawarina ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na duba tikitin na ga ka zaɓar mini kujera, gefen taga, ɓangaren hagu. Na gode da tagar, don ka san tun ina yarinya nake mafarkin leƙa duniya daga sama. Amma Injiniya, jirgin safe ne, kuma kudu za mu yi. Na sa Auta ta tsaya wajen gabas da tocila, ni na mai da cokali jirgi, na nufi ƙofar kicin da ke kudu da shi. Hasken duk a hagun cokalin ya sauka. Mama tana kallonmu ta ce, "Wannan auren nesa ya fara taɓa miki kai." Ka san ciwon kaina na ɓari guda, da rana ta doki idona shi ke nan. In na zauna hagu sai dai in rufe taga tun daga tashi har sauka. Wane amfani ke nan? An ce ana iya canja kujera a wurin awon kaya. Zan koma dama, cikin inuwa.

Labulen ɗakinmu kai ka zaɓa, fentin falo kai ka zaɓa, ban taɓa cewa uffan ba. Wannan ɗaya ka bar mini.

Matarka, wadda ta ƙi yarda waya ta maye gurbin wasiƙa.

*

Daga wurin aiki,
Laraba.

Malama mai littattafai,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Tarin na ƙurar siminti ne, ya wuce. A gaishe da Mama, a ce mata ta ƙyale kajin nan ta huta. A gaishe da Auta mai riƙon tocila.

A tsaye na karanta wasiƙarki, ana jirana a wurin zuba kankare. Lissafinki daidai ne, rana a hagu za ta kasance. Duk da haka kar ki canja kujerar. Ki sha maganinki kafin ku tashi, ki sa baƙin tabarau. Na san abin da ya sa na zaɓe ta.

Maganar labule kuma, tambayarki na yi, kina tsakiyar littafi kika ce, "Ko wanne."

Jami'in gidaje ya sake tare ni. Na ce masa sai kin zo kin gani.

Mijinki.

*

Daga gida,
Asabar, bayan dawowata.

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Na iso lafiya, na tarar da kowa lafiya. Ina fata kai ma haka, ko da yake da na zo ban ga alamar kana so a tambaye ka ba.

Tunda a mako gudan da na yi a wurinka ba ka bari na ba ka labarin tafiyata ba, to ga shi a rubuce, ko ka karanta a tsaye.

"Na san abin da ya sa na zaɓe ta." Na maimaita layin nan har na haddace shi. Ba dalili, ba lallashi, kamar kana ba lebura umarni. Shi ya sa da na isa gaban yarinyar da ke awon kaya na ce mata a mai da ni dama. Ta ce, "Anti, gaba ko baya? In kika zauna tsakiya fiffike kawai za ki yi ta kallo." Na ce gaba. Ta buga, ta miƙo mini. Wallahi ji na yi kamar an ba ni takardar shaidar gama makaranta.

Da na shiga sai na tarar da wani bawan Allah mai ƙaton tumbi ya baje a kujerata. Na tsaya a kansa na ce, "Malam, nan wurina ne."

Ya ce, "Ai duk ɗaya ne, baiwar Allah, tare za mu sauka."

Na ce, "To tunda ɗaya ne, koma naka."

Ya tashi yana ƙunƙuni. Ni da ko canjin da aka cuce ni ban iya tambaya a kasuwa.

Sannan muka tashi. Injiniya, gidaje suka koma kamar kwalayen ashana, motoci kamar ƙwari a kan zare. Na ga kogi yana lanƙwasa kamar ɗankwalin da iska ta yar. Na ga duwatsu da inuwarsu kwance a gefensu, na ga inuwar jirginmu tana gudu a kan gonaki tana tsallake katanga ba ta tuntuɓe. Muka huda gajimare muka fito ta samansa, fari tas, sai ka ce audugar katifa aka zazzage. Mutanen hagu duk sun rufe tagoginsu, wata mata ma mayafi ta ƙara a kai. Ni kuwa ko ɗigon ciwon kai. Duk littattafan da na karanta ba wanda ya faɗi rabin abin.

Da wannan murnar na fito na same ka a bakin ƙofa, fuskarka ta yi baƙi da rana, kana murmushin da na daɗe ban gani ba. Ka ce, "Kin gani?" Na ce na ga komai, na fara zuba. Ka katse ni ka ce, "Ta wane gefe kika zauna?" Na ce dama. Sai murmushin ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ka ɗauki jakata ka yi gaba.

Shi ke nan makon. Ka fita da sassafe, ka dawo da ƙura har a gira, "sannu", "yawwa". Ka kai ni gidan da aka ware, ka tsaya a bakin ƙofa kana kaɗa makulli, ka bar ni ina zaga ɗakuna ni kaɗai. Abokan aikinka in sun gan ni sai su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, ban san me na yi musu ba. Ban ga komai a wurin nan ba sai ƙura da manyan motoci da ɗakin kwantenarka mai zafi kamar tanda. A dawowa ko taga ban nema ba, a tsakiya na zauna na rufe ido.

Duk a kan kujera? In don na ƙi bin umarni sau ɗaya za ka yi mini mako kana ɗaure fuska, to in na tare a can, inda ba ni da kowa sai kai, yaya ke nan? Ka ba ni amsa kafin in ba jami'in gidajenku tasa.

Matarka.

*

Daga wurin aiki,
Juma'a.

Malama,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama da Auta. Lafiyata lau. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na fara wasiƙar nan na yaga ya fi a ƙirga. Wannan karon a zaune nake.

Ba fushin umarni na yi ba. Kunya ce ta kama ni, ni kuma in na ji kunya bakina mutuwa yake, kin sani.

Jirgin safen nan ta kanmu yake bi. Ma'aikata da shi suke sanin lokacin shayi ya yi. Kafin ya sauka yakan karkata, sai dam ɗin gaba ɗaya ya kasance a ƙarƙashin tagogin hagu. Tun zuwana nake lura da shi. Ni ban taɓa hawansa ba, kullum ta mota nake zuwa tare da kayan aiki. Wato abin da na bar ki saboda shi, ban taɓa ganinsa gaba ɗaya ba, sai a takardar zane. Daga ƙasa ƙura ce kawai, kamar yadda kika faɗa. Na so ki fara ganinsa daga sama kafin ki ga ƙurar. Na kuma so ki ba ni labarin yadda yake, don ke kin iya ba da labari. Ga shi kogin da ba ruwana da shi kin mai da shi ɗankwali.

Ban gaya miki ba saboda kullum kina cewa mazan littafi suna yi wa matansu ba-zata, ni ban iya ba. Na ce bari in gwada sau ɗaya.

Saura kuma, tunda sai na faɗa. Da safen ranar da kika zo na hau kan bangon dam, na cire rigar aikina mai ƙyalli, na yi ta kaɗa wa jirgin har ya ɓace, sannan na faɗa mota na yi gudu zuwa filin jirgi. Ma'aikata suna kallo. Da labari ya bazu cewa dama kika zauna, mai walda ya same ni ya ce, "Yallaɓai, in ce ko ta ɗago hannu?" Har yau in jirgi ya wuce sai wani ya miƙo mini riga ya ce, "Yallaɓai, ga shi nan fa, kar ya wuce ka." Dariyar da kika gani ba ke ake yi wa ba.

Laifina ne. Na san ciwon kanki, na ce ki sa tabarau, kamar tabarau ne zai tare rana.

Jami'in gidaje ya ce ƙarshen wata zai ba wani makullin. Ba zan matsa miki ba. Abin da kika ga ya fi miki, shi za a yi.

Mijinki.

*

Daga gida,
Talata.

Mai kaɗa riga,

Ina gaishe ka da kyau. Kowa lafiya, sai Auta da ta yi mura.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya har na yi kuka, sannan na yi kukan na gaske. Shekara da shekaru ina jiran ka yi abu irin na littafi, ranar da ka yi ina can ina kallon gonakin mutane.

Amma layin ƙarshe ya so ya ɓata komai. "Ba zan matsa miki ba." Na ce wato ko na zo ko ban zo ba duk ɗaya ne a wurinsa. Na wuni ina huci. Da na karanta wa Mama sai ta ce, "Ke dai ba ki da kirki. Ya ce yi kaza, kin ce umarni. Ya ce yi yadda kike so, kin ce bai damu ba. To da wane baki zai yi miki magana?" Na naɗe wasiƙar na koma ɗaki.

Jiya da la'asar ina wanke-wanke, rana ta shigo ta tagar yamma ta dokar mini ido. Na tsaya da cokali a hannu. Na ƙwala wa Auta kira, na ce ɗauko tocilar nan, yau yamma za ki tsaya. Ta ce, "Yaya, mura nake yi." Na ce rana ba ta mura. Na sake nufar ƙofar kicin da cokalin, sai ga hasken a dama, hagu cikin inuwa.

Ka gane? Kujerar da ka zaɓa daidai ce. Lokacin ne ba daidai ba. Ni da kai muka tsaya muna ja a kan hagu da dama, alhali rana ba a wuri ɗaya take wuni ba.

Yau na je ofishin jirgin da kaina. Akwai na la'asar ranar Alhamis ta sama, hanya ɗaya yake bi da na safe, na tambaya an tabbatar mini. Na zaɓi taga, hagu, gaba da fiffike. Na zuwa da dawowa na yanka, kar ka ɗauka na gama shawara. Ka roƙi jami'in gidaje ya dakata mini zuwa ranar. Na ce sai na gani, kuma wancan zuwan ban ga abin da ya kamata in gani ba.

In kana da hali ka hau bango. Ka bar mai walda ya yi ta dariyarsa.

Matarka.

*

A cikin jirgi,
Alhamis da la'asar.

Injiniyana,

Ina gaishe ka daga sama. Lafiyata ƙalau, kaina garau. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan ɗan teburin jikin kujera nake yi, jirgin kuma yana ɗan rawa. Da hannuna zan ba ka wannan, don na san in na gan ka bakina zai rikice.

Ban samu amsarka ba. Direba ya ce ranar da ya je an rufe hanyarku ana gyara, a ofishinku na gari ya ajiye wasiƙata, bai san ko ta iso ka ba. Kwanakin nan ban da tunani ba abin da nake yi: ko ba ka san ina tafe ba, ko an riga an ba wani makullin. Mama ta ce in ɗaga tafiyar. Na ce kujerata tana jirana.

Lissafin cokali ya fita. Tun da muka tashi rana tana can dama tana gasa mutane, sun rufe tagogi, ni tawa a buɗe. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai carbi, ta ƙi kallon waje, ta ce ita ba ta leƙa abin da ba ta da tsanin sauka daga kansa. Na yi ta ba ta labarin abin da ke wucewa, tana cewa, "To, madalla, ki dai riƙe kujera."

Can sai na ji jirgin ya rage murya, ya karkata. Fiffiken ya yi ƙasa, ƙasa ta taso ta cika mini taga.

Ga labarin da ka ce in ba ka.

Da farko ƙasa ce ja, busasshiya, duk ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Sai kawai ga ruwa. Ba kogi ba, ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ya shiga tsakanin duwatsu kamar yatsun hannu a buɗe. Rana ta faɗo masa daga yamma, rabinsa shuɗi, rabinsa kamar an narka zinariya an zuba. A bakinsa ga bangonku, fari, ya ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata, siriri ƙwarai. Na yi mamakin yadda abu siriri haka ya tare wannan ruwa duka ya ce masa tsaya, ya kuma tsaya. Daga ƙasan bangon wasu layukan ruwa sun fita a miƙe kamar da rula aka ja su, kuma duk inda layi ya bi, gefensa kore ne shar. Inda bai kai ba, ja. Kamar wani ya ɗauki alli kore yana yi wa ƙasa fenti, bai gama ba aka kira shi. Na gane abin da ya sa aka ƙara maka wa'adi. Ƙurar da ta ishe ni kuwa, daga nan ɗan hayaƙi ce a kusurwa ɗaya.

Ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Mijina ne ya gina wannan" ba. Dattijuwar ta saki carbi ta leƙo ta kan kafaɗata. Wani mutum daga dama ya miƙo wuya ya ce, "Shi kaɗai, Hajiya?"

Na ce, "Da 'yan masu taya shi."

Aka yi dariya har ma'aikaciyar jirgi. Dattijuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, mai irin wannan aiki wa yake dafa masa abinci?" Na mai da idona ga taga.

Yanzu abin da ba za ka so ji ba. Na manna goshina a gilashi, na bi bangon nan daga wannan kai zuwa wancan. Ban gan ka ba. Manyan motocinku ma kamar ƙwayar shinkafa suke, balle mutum da riga. Ko ranar farko da na zauna hagu, da ban gan ka ba. Injiniya guda, mai auna tudu da kwari, ka tsaya cikin rana kana yi wa jirgi fifita. Kar ka damu, ba zan gaya wa mai walda ba. Ban sani ba ko kana kan bangon yau ko ba ka nan, amma na ɗaga hannu, har dattijuwar ma na sa ta ɗaga.

An ce mu naɗe tebur, za mu sauka, don haka a gurguje. Falon gida zan bar wa matar mai kemis ta ci gaba da ba da aron littattafai, rabinsu nata, rabi Auta ta aiko mini ta hannun direba. Na ga mata suna shanya a rukunin masu iyali wancan zuwan, ba za a rasa mai son labari a cikinsu ba. In makullin yana nan, labulen ni zan zaɓa. In an ba wani, kwantenarka ta ishe mu kafin a samu wani gidan, sai ka nemo fanka. In kuma ba ka zo tarona ba, zan nemi mota in same ka a wurin zuba kankare.

Ba zan hau jirgin komawa ba. Na zo zama.

Matarka.